Hatimin da Yayata Ta Ƙi Bugawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, lauya mai rubuta yarjejeniyar cinikin gidaje da filaye. Ta cika a asibiti bayan jinyar wata huɗu, tana da shekara hamsin da takwas. Ina cikin wani kango ina zagayawa da mai saye mijinta ya kira ni. Sau biyu ina ganin kiran ina mayar da wayar aljihu, don na zaci saƙonta zai sake isar mini. A na uku na ɗauka. Ya ce, "Ƙanena, ka bar abin da kake yi ka zo. Yayarka ta riga mu gidan gaskiya."

Yaya, yau mako shida ke nan. Mutane da yawa sun faɗi alherinki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni ne na fi kowa jinkiri, domin abin da ke bakina ba yabo ne kaɗai ba.

Duk wanda ya taɓa sayen ko taku goma na ƙasa ta hannunki ya san ofishinki: ɗaki biyu a saman kantin magani, matakala mai ƙunci wadda mutum biyu ba sa gittawa, fankar da take ƙara kamar injin niƙa, da kabad uku na ƙarfe waɗanda ba mai taɓa makullinsu sai ke da Maman Biyu, mai buga miki takardu shekara ashirin da ɗaya. Hatiminki kuwa a cikin tsohon gwangwanin madara kike ajiye shi, can ƙasan aljihun tebur. Mu dillalai mun sa miki suna Hajiya Tukuna. Mutum ya hau bene yana haki, ya ce an gama ciniki, takarda kawai ake jira, sai ki cire tabarau ki ce, "Tukuna." Kin san sunan, har kina amsawa.

Lokacin da na shiga dillanci, ke kika zaunar da ni a kan kujerar roba ta gaban teburinki kamar ɗan aji ɗaya, alhali ina da mata da 'ya'ya biyu. Kika ce in daina cewa an yi ciniki don kawai an yi musafaha an yi dariya. In mai saye ya yi tayi, mai gida ya ce sai an ƙara, ba a sallama ba, sabon tayi aka yi, kuma kowa yana iya tafiyarsa. Kika ce kafin a yi maganar kafin alƙalami in je ofishin filaye da ƙafata in ga sunan wa ke kan takardar mallaka, in tabbata ba a jinginar da gidan a banki ba, in gidan gado ne kuma in ƙirga magada ɗaya bayan ɗaya, har da matan da suke aure a wani gari. Na ce, "Yaya, in na bi wannan duka, yaushe zan ci abinci?" Kika ce, "Za ka ci a makare, amma za ka yi barci."

Ban manta matar nan tela ba, wadda ta zo da takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta. Layi biyu ne a ciki: wane ya sayar mata da filinsa da ke kusa da bishiyar mangwaro. Ba tsawo, ba faɗi, ba kwanan wata. Kika tambaye ta, "Ƙanwata, in aka sare mangwaron fa, ina filinki?" Ta yi dariya, sannan ta gane ba wasa kike yi ba. Washegari kika ɗauke ta a motarki, ku da mai awo da mai filin. Kika shiga ciyawa da takalmin ofis kina riƙe da bakin igiyar awo har aka kafa turaku huɗu na siminti, aka sake rubuta takarda a gaban shaidu. Ba ki karɓi ko sisinta ba. Ranar rasuwarki ta zo ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, ta ce a ɗakin da ta gina a filin nan ta aurar da 'yarta.

Ba ki taɓa barin mutum ya sa hannu a kan abin da bai ji da kunnensa ba. Kina karanta yarjejeniya da ƙarfi, sakin layi bayan sakin layi, ki juya ta zuwa maganar da mutum yake yi a gidansa: wa ke sayarwa, wa ke saye, wane gida, ranar da za a cika kuɗi, ranar da za a ba da makulli, me zai faru in wani ya saɓa. Akwai ranar da wasu aminai biyu suka kusa cin kwalar juna a gabanki a kan tankin ruwa, mai saye ya ɗauka da shi ya saya, mai gida kuwa har ya kira mai motar da zai kwashe shi. Kika bar su suka gaji, kika ce, "Gara ku yi shi yau a nan, ina da fanka."

Yanzu sai maganar da ta hana ni sukuni.

Shekara biyu da rabi da suka wuce na kawo miki cinikin gidan wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa. Ɗansa ne ya same ni, ya ce mahaifinsa yana so ya sayar. Na samo mai saye, ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, wanda ya tattara duk abin da ya samu a shekara talatin da biyar na aiki don ya fita daga haya. Takardar mallaka lafiya lau take, sunan dattijon ne a kai. Na san akwai 'yarsa a gidan, bazawara mai 'ya'ya uku, ita ke yi masa wanka da ba shi abinci. Ɗan ya ce kada in damu da ita, za ta tashi. Ban tambaye ta ba.

Da hantsi muka hau da dattijon bene, ɗan yana riƙe da shi ta hammata. Kika tashi kika gaishe shi har ƙasa, kika sa aka kawo masa ruwa. Ba ki buɗe takarda ba. Kika ja kujera kusa da shi kika ce, "Baba, me ya kawo ku wurina yau?"

Ya dube ki da murmushi ya ce, "Likita, ƙafar ce. Ba ta barina in taka."

Ɗan ya yi wuf ya ce tsufa ne, da safe haka yake, amma jiya da bakinsa ya ce a sayar. Kika ɗaga masa hannu. Kika sake cewa, "Baba, gidanku za a sayar. Kun yarda?"

Ya ce, "A sayar? To ina uwar yara za ta zauna?" Matar tasa kuwa ta shekara tara a ƙasa.

Kika rufe fayil. Kika ce wa ɗan, cikin ladabi, wanda bai san abin da yake yi ba ba shi da yardar da zai bayar, kuma ciniki ba ya tsayuwa ba tare da yarda ba, ko an dangwala yatsu goma. Kika ce in da gaske buƙatar jinya ce ta sa za a sayar, akwai hanya: a je kotu da takardar likita, a kira 'yar'uwarsa, a naɗa wanda zai kula da dukiyar. Ya ja mahaifinsa suka sauka. Ni na tsaya. Abin da na faɗa miki a gaban Maman Biyu ba zan maimaita shi duka ba. Na ce kin saba toshe mini hanyar abinci, na ce karatunki ya sa kina ganin kowa ɓarawo ne. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Auta, kada ka kai shi wani wuri. Na roƙe ka."

Kafin la'asar na kai shi wani wuri. Wani mai shagon buga takardu ne, wanda ba ya tambayar kowa komai. A cikin mota aka bar dattijon. Ɗan ya fito da takardar, ya kama babban yatsan mahaifinsa ya danna a tawada, ya danna a takarda, tsohon yana tambaya ko allura za a yi masa. Ina tsaye a jikin ƙofar motar. Na sa hannu a matsayin shaida. Na karɓi la'adata.

Wata biyar bayan nan dattijon ya rasu. Mai saye ya gaji da jira ya je karɓar gidansa, a ranar 'yar ta fara jin cewa an sayar da rufin da ke kanta. Aka nuna mata ofishinki. Da kika ga takardar, kika ga sa hannuna a ƙasa, Maman Biyu ta ce kin shiga ɗakin ciki kin rufe ƙofa kusan awa guda. Da kika fito kika miƙa shari'ar ga wata abokiyar aikinki, domin ke shaida ce a kan abin da kika gani da hantsi, ba zai yiwu ki tsaya a matsayin lauya ba. Amma abin da ya faru a cikin mota, mutum uku ne suka gani. Ɗan ya bar gari, mai shago ya ce bai tuna ba. Saura ni.

Ba ki tona ni a wurin Inna ba. Ba ki faɗa wa matata ba. A taron dangi kina zuba mini abinci da hannunki, ki tambayi karatun 'ya'yana, ni kuwa ina kallon kwano. Sau ɗaya kika tare ni a bakin mota kika ce, "Ba don kotu nake nema maka wannan ba. Ka je ka faɗi abin da ka gani, ka sauke." Na ce zan yi tunani. Na yi shekara biyu ina tunani. Ina tsoron a ce ni ma da hannuna, ina tsoron abokan sana'a, ina tsoron idon mai saye.

Da ciwo ya kwantar da ke, kin sa an kawo mai rantsarwa har gadon asibiti, kika ba da shaidarki a rubuce, kina tsayawa kina numfashi tsakanin jimla da jimla. Ni kuma nakan zo dubiya ne a lokacin da na san ɗakin cike yake da mutane, in tsaya daga bayan labule in ce Allah Ya sawwaƙe, in fice. Sau uku kika aiko mijinki. Na ƙarshe ya ce, "Ta ce ba maganar kotu za ta yi maka ba. Ganinka take so." Ban yarda ba. Na ce masa sai Laraba. Kika tafi ranar Talata.

Yaya, kwana goma sha uku bayan mun kai ki, aka zauna a kan shari'ar. Na je ba tare da an aiko mini da sammaci ba. Na rantse na faɗi komai: ƙofar mota, tawada, yatsa, da maganar allura. Lauyan mai saye ya tambaye ni ko sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne, na ce nawa ne. Ya tambaya ko na san tsohon ba ya cikin hayyacinsa lokacin da na sa, na ce na sani, an faɗa mini da safe, kuma wadda ta faɗa mini ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. A makon jiya alƙali ya soke cinikin. 'Yar dattijon da 'ya'yanta suna nan a gidansu. Ni kuma an ce in saurari kira a kan sa hannuna, kuma zan amsa.

Sai dai ban fito da sauƙin zuciyar da na zata ba. A barandar kotu ma'aikacin jinyar nan ya tsaya a gabana, da furfurarsa, da jakar ledar da yake zuba takardunsa. An ce ya bi ɗan ya karɓi kuɗinsa, ɗan da ba wanda ya san inda yake. Bai zage ni ba. Ya ce, "Malam, ranar da ka kawo mini takardar nan kana yi mini barka, ka sani?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, ya sauka matakala a hankali yana dafa bango. Na mayar masa da la'adata ta hannun lauyansa, amma me za ta yi masa? Har yau yana gidan haya. Da na ji maganarki da hantsin nan, da yanzu yana cikin wani gidan, nasa na kansa. Wannan ba kotun da za ta gyara shi, kuma ba ki nan balle in hau bene in tambaye ki yadda zan yi.

Mijinki ya ce mini a dararen jinyarki da ranakunta ba ki ambace ni da mugun abu ba ko sau ɗaya. Ya ce kin ce kin yafe. Na gaskata shi. Amma da kunnena ya kamata in ji, kuma ni na hana kaina.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka san gidajen da ta tsare wa marayu da zawarawa, Ka san waɗanda ta hana su cuci kansu da waɗanda ta hana su cuci wasu. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka ba ta gida a Aljannar Firdausi. Ka buɗa wa bawanKa ma'aikacin jinya ta inda bai zata ba, Ka ba ni ikon tsaya masa har ya ga haƙƙinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta binne 'yarta ta fari tana da shekara tamanin, Allah Ya ba ta dangana. Ga mijinta, wanda ya yi wata huɗu yana kwana a kan kujerar asibiti bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanta uku da jikokinta, Allah Ya albarkaci bayanta. Ga Maman Biyu, wadda har yanzu take buɗe ofis ƙarfe takwas tana kiran mutane su zo su karɓi takardunsu, Allah Ya saka mata da alheri. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa yayata addu'a, in ya gama kuma ya sa ƙanenta a ciki.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Allah Ya kyautata namu zuwan. Amin.