Ranar da gawa ta jira mota

Muna ɗauke da makarar kawuna, muka yi cirko-cirko a bakin sabuwar kwalta a Mairuwa. Zamanin kuɗin fetur ne, titin ya raba unguwarmu da maƙabarta.

A saninmu, in gawa ta taho, mai keke sauka yake, mai jaki ya ratse. Ran nan tireloli ko sassautawa ba su yi ba. Iskarsu har tana ɗaga tabarmar da muka rufe shi da ita.

Na ce wa liman, "Malam, mu ratsa kawai?"

Ya ce, "Dakata, ɗana. Kabari guda muka haƙa."

Haka muka ci gaba da jira har motocin suka wuce.

Yau na ga ana ginin gadar masu ƙafa a birni, abin ya dawo mini sabo. Ku a garinku, ana tsayawa gawa ta wuce?