Ƙafafun Kaka Suna Kallon Ƙofa

Gidan da muke haya a unguwar Danau Kota, a wata ƙasa can gabashin duniya, yana can hawa na ashirin da wani abu, inda in ka tofar da miyau ta baranda sai ya bushe kafin ya kai ƙasa. Na gwada, Umma ta kama ni. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar Caina, muna kiranta Anti, tana zaune ƙasa da mu da hawa biyu. Ranar da Abba ya karɓi mukulli, sharaɗi ɗaya ta kafa masa: kada a matsar da komai daga inda ta ajiye shi.

Akwai wani ilimi nasu na tsara gida da suke kira feng shui. Yadda Anti ta yi mini bayani, sa'a kamar iska take. Ta ƙofa take shigowa, in ta ga hanya a miƙe sai ta fice ta baranda ko sallama babu. Shi ya sa ta girke wata ƙatuwar tukunyar fulawa a tsakiyar falo don ta tare ta. Ban san ko tana tare sa'a ba, amma ƙaurina kam tana tare shi kullum da safe. Madubi ba ya kallon gado, ƙofar banɗaki kullum a rufe. Umma ta ce camfi ne, amma gidan yana da iska, sai muka bar wa tsohuwa kayanta.

Ana nan sai Kaka ta zo daga Kano. Mahaifiyar Abba ce, an kawo ta a yi mata aiki a zuciya, likita kuma ya ce a jira kumburin ƙafafunta ya ragu tukuna. Aka kore ni daga ɗakina, na koma kujerar falo.

Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Kai, mijin banza, ina gabas?"

Na nuna mata taga, inda rana ke shirin faɗuwa.

"Ka ji ɗan nema. So kake in yi salla na juya wa Ka'aba baya?"

Sai da Abba ya durƙusa ya nuna mata a waya. Ya ce, "Hajiya, ai mun wuce Makka a jirgi. A nan yamma ake kallo."

Ta yarda da ƙyar. Sannan ta dubi gadona, ta dubi tagar, ta sake duban gadon.

"Wato duk shekarun nan alƙibla kake miƙe wa waɗannan ƙafafun naka masu kama da faranti? Shi ya sa ka ƙi yin auki. A juya shi."

Ɗakin siriri ne, taga a ƙarshen can, ƙofa a ƙarshen nan, gadon kuma ba ya shiga a gicciye. In ƙafa ba ta kalli taga ba, to ƙofa za ta kalla. Ni da Abba muka juya shi muna nishi.

Bayan kwana kaɗan Anti ta hawo da ledar lemo don ta gaida marar lafiya. Tana leƙa ɗakin ta tsaya cak. Na sha ganin Anti ta yi fushi, musamman ranar da na shanya wandona a kan fulawarta, amma ban taɓa ganin jini ya gudu daga fuskarta ba sai ranar.

"Tak boleh! Tak boleh, lah!" Wato ba zai yiwu ba. Ta ja ni gefe tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce a wurinsu gawa kaɗai ake kwantarwa ƙafa na kallon ƙofa, don haka ake fitar da ita. Mai rai ba ya kwana haka, balle mai ciwo.

Kaka ta ce, "Me take cewa, take nuna ni da baki?"

A gidanmu ni ne tafinta, kuma ni ba na miƙa magana babu gishiri. Na ce, "Kaka, cewa ta yi kin share wa mutuwa hanya. Wai ba sai ta sha wahalar hawa bene ba, lif za ta shigo, ta ja ki ta ƙafa kamar buhun gero."

Umma ta sakar mini ranƙwashi har sai da na ji ƙamshin ƙarfe. Kaka kuwa dariya ta yi har da tari.

"Gaya mata in lokacin ya yi, ko cikin firjinta na ɓuya za a buɗe."

Na juya na ce wa Anti Kaka tana godiya da lemo.

Anti ba ta haƙura ba. Ta kawo labule a rataya a ƙofar, Kaka ta ce yana tare mata numfashi. Ta kawo ƙaramin teburi a sa a ƙarshen gadon, Kaka ta sa aka janye shi gefe ta ɗora butarta. Daga nan sai Anti ta koma hawowa kullum da hantsi, ta tsaya a bakin falo, ta kalli ƙofar ɗakin, ta sauka. Wannan kallon ya fi ihun ban tsoro.

Daga kujerata ba na hango komai na Kaka sai tafin ƙafarta biyu a tsakiyar ƙofa. Kumburin da ake jira ya ragu, ƙaruwa yake yi. Fatar ta yi sheƙi, in ka danna sai shaidar yatsa ta zauna. Lokacin ruwa ne, kullum bayan azahar gari sai ya yi baƙi ƙirin, hadari ya sauko daidai tagarmu, iska ta riƙa kuka ta ƙarƙashin ƙofofi kamar ana yanka wani abu a hawa na sama. Umma mai cewa camfi ta fara janyo ƙofar ɗakin a hankali in za ta wuce, Kaka ta ce a buɗe mata.

Rannan na ji Abba yana lallaɓa ta. "Hajiya, ko a mayar da gadon, na ɗan lokaci kawai?"

"Kai ma? Da karatunka da komai?"

"Ba yarda na yi ba, Hajiya. Hankalin mutane ne dai."

"Ana shirin tsaga ƙirjina, a lokacin ne zan miƙe wa Ɗakin Allah ƙafa? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Ni kuma na ƙirƙiro wata sana'a: duk sanda zan wuce sai in sosa mata tafin ƙafa. Sai ta zabura ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan banza!" Kowa ya ɗauka tsokana ce. Zagin nake nema, in na ji shi sai in tafi makaranta da nutsuwa.

Wata la'asar na dawo a jiƙe, na ajiye jaka, na sosa. Shiru. Na sake sosawa da farce. Ƙafar sanyi ƙalau. Na shiga na tarar idonta a rufe, numfashinta yana fita da wani ƙara kamar ana zuƙar ƙarshen kunu. Ban san na iya irin wannan ihun ba.

Abba yana jami'a. Umma ta kira motar asibiti. Maza biyu suka hawo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Da yake hanya a miƙe take, sai kawai suka zame ta a kai suka nufo ƙofar fita, ƙafa a gaba.

A bakin ƙofar muka tarar da Anti. Ta ji jiniya ta hawo ko takalmi babu. Wannan 'yar tsohuwar da iska ke iya ɗauka ta ware hannu biyu ta dafe ƙofa.

Umma ta ce cikin kuka, "Ka ce mata ta matsa! Ka ce mata ta matsa, rai ne!"

Na faɗa mata daidai yadda aka ce, ban ƙara ko gishiri ba. Anti ta ce a juya ta, kai ya fara fita. Shi ma na faɗa daidai. Ɗaya daga mazan ya fara yi mata tsawa. Ɗayan, wanda ya manyanta, ya kama gadon ya fara juyawa. Falon ya yi kaɗan, tukunyar fulawar ta tokare su. Anti da kanta ta sa kafaɗa ta ture ta, ta fashe, ƙasa ta watsu har ƙarƙashin kujera. Aka fita da Kaka kai a gaba. Har yau ban san ko juyawar nan ta ci mana lokacin da ba mu da shi ba. Umma ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Anti.

A ranar aka shiga da ita aikin, ba a ƙara jiran kumburi ba. Ta yi makonni a asibiti. Likita ya gaya wa Abba faci aka yi, ba sabuwar zuciya aka saka ba, a bi ta a hankali.

Kafin a sallamo ta, Anti ta sa aka hawo da wani gajeren gadon katako daga gidanta. Muka kwance nawa muka jingine a baranda. Shi wannan ya shiga a gicciye tsaf: ƙafa ba ta kallon taga, ba ta kallon ƙofa. Na yi ta yabon kaina kamar ni na ƙera shi.

Kaka ta dawo ta rame, kamar an wanke ta ta shige. Ta tsaya a bakin ɗakin tana riƙe da hannuna, ta daɗe tana kallon gadon. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta zauna a hankali, ta kwanta a gefenta na dama, fuskarta tana kallon taga.

Na ce, "Kaka, kin gani? Ga alƙibla a gabanki, ga ƙofa a bayanki. Kowa ya huta."

Har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Maigida, kai yaro ne, ba ka taɓa raka gawa ba. Ai haka ake kwantar da mu a can."



Ta ce, "Ya yi daɗi dai. Ja mini ƙofar."