Tafkin da Gauraki Suka Bari

Ƙauyenmu yana bakin wata fadama, yamma da Shagari. Lokacin ina ƙarama, da an yi sallar magariba an ci tuwo, mukan taru a gindin murhun kakata Inna Hajo, mahaifiyar babanmu. Karan gero take turawa cikin wutar, guda-guda, don kada ya ƙare da wuri. Mu biyar ne: ni da yayana Bello da 'ya'yan baffanmu uku. Daga inda muke zaune ana jin fadamar, kwaɗi da dila da gauraki masu komawa makwanci. Ba mu ɗauki kukansu a bakin komai ba, kamar dai ƙarar turmi.

Inna ba ta jan buɗe tatsuniya. "Ku aje surutu," take cewa, "ga ta nan ta taho muku."

Akwai wata tatsuniya da ta fi yawan maimaitawa. Wai wani tafki ne da gauraka ke sarauta a kansa. Ran nan wani mutum ya zo da fartanya, ya durƙusa, ya roƙi wurin shuka albasa, fangali ɗaya tak. Gauraka ya ce wa gada ta ɗan matsa, ta matsa. Da shekara ta zagayo mutumin ya dawo da ɗansa, suka roƙi ciyawar da zabin daji ke ƙwai a ciki. Aka ba su. Daga nan sai ruwa, tulu ɗaya, wani kada da ke ciki ya ja da baya. Daga nan sai itace. Kullum da ladabi yake zuwa, kullum abu kaɗan yake nema. Har wata safiya ya zo roƙo, ya yi sallama, bai tarar da wanda zai roƙa ba.

"Sai mi, Inna?" in ji Bello.

"Sai ya koma gida."

"Ba a cinye shi ba?"

"Wa za ya cinye shi, ɗana? Kowa ya tahi. Kuma babu wanda ya yi mai bankwana."

Ba ma son wannan tatsuniya. Mun fi son wadda ake jibgar kura mu yi ta dariya.

Inna ta rasu tun kafin in yi aure. Yanzu a Bodinga nake, ina koyarwa a firamare. A shekarun nan damina ta canza hali: ta makara, in ta zo kuma ta zubo gaba ɗaya ta kwashe shuka. Zafi ya ƙaru. Tafkin da ke fadamarmu yakan ƙafe tun kafin a gama girbi, fadamar kuwa ta koma albasa daga wannan baki zuwa wancan, sai ƙarar injin ban-ruwa. Ba na zagin albasa, ita ta ciyar da mu, ita ta kai ni makaranta. Amma ban san shekarar da gauraki suka daina zuwa ba. Na tambayi Bello, shi ma bai sani ba.

Bara ya kira ni a waya. A gonar da muka gada akwai wata tsohuwar kanya, ita kaɗai ta rage a duk wannan yankin.

"Kulu, kanyar ga so nike in sare," ya ce. "Gero bai yi ba bana, ga iyali. Masu gawayi sun zo. Kina da gado ciki, shi ya sa nit tambaye ki."

Na ce, "Sare, Yaya."

Na ajiye waya na jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji komai ba. Na ci gaba da wanke shinkafa.

Bayan mako guda na je gida. Kututturen na nan, faɗinsa ya kai tabarma. Ƙudan zuma na ta zagaya sararin da kogonsu yake a da, wasu hasbiyoyi biyu suna tsaye a ƙasa cikin rana. Na daɗe ina kallonsu. Matar Bello ta ce in shigo in sha fura, na shiga na sha.

Da ina yarinya na zaci wautar dabbobin Inna ke ba mu labari, da suka yi ta matsawa. Yanzu na gane mutumin take nufi. Ba mugu ba ne, yunwa yake ji, kuma bai taɓa ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Babu wanda ya hukunta shi. Ya dai wayi gari shi kaɗai, ya juya ya tafi gida, mai yiwuwa ko damuwa bai yi ba.

Da zan dawo Bodinga, Bello ya ɗora mini buhun gawayi ɗaya a mota, ya ce rabona ne. Wata biyu na yi ina girki da shi. Gawayi ne mai kyau, ba ya hayaƙi.