Hannun Inna a Gefen Hoto

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da na goge hannun mahaifiyata da ɗan yatsana ba.

Shekarar da Baba ya rasu ce. Ina koyarwa a Talata Mafara, Inna kuma tana gida a Bakura. Hoton Baba guda ɗaya tak muke da shi, ni na ɗauke shi da waya a gonarsa ta albasa a Bakolori. Yana zaune a gindin mangwaro, ƙafa duk taɓo, yana dariya. A gefe akwai rabin hannu yana miƙo masa ƙwaryar fura. Inna ta ce in sa a wanko shi babba ta rataya a ɗaki.

A daidai lokacin ne wayata ta sabunta manhajarta, ta zo da sabon salo: ka zagaye abu a hoto da yatsa, sai ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Abin nema ya samu! Ni da ma akwai rawar kai. Na share taɓon, na share wani tsohon buhu, na haɗa da hannun da ƙwaryar. Tsohon hoton kuwa na goge shi gaba ɗaya, wai ya cika ƙazanta. Aka wanko sabon, aka sa a gilashi, na kai mata ina jiran sa albarka.

Ta daɗe tana kallo. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wanga, ina hannun da ke nan gehe?"

"Na cire shi, Inna, yana ɓata hoton. Hannun waye ma?"

"Nawa na."

Sai a lokacin na tuna. Ita ta kawo furar ranar, da na ɗaga waya ta ja baya tana rufe fuska don kunya, hannun kawai ya shiga. Duk tsawon zaman aurensu ba ta taɓa yarda ta tsaya hoto da shi ba.

"Nan ɗai munka hito tare," in ji ta a hankali. "Yanzu ka bar shi shi ɗai, ba mai ba shi hura."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Mai gyaran waya a kasuwar Talata Mafara ya duba ya duba ko zai dawo da tsohon hoton, ya ce, "Malam, sai haƙuri." Kwana biyu ina jinyar abin, sannan na tuna na taɓa tura hoton ga ƙanwata da ke aure a Damri. Na kira bai shiga ba, na hau babur. Wayarta tsohuwa ce, fuskar duk ta tsage, ba ta san wata sabuntawa ba, kullum ina yi mata tsiya a kanta.

"Yaya, yau gwangwanin nawa ya yi rana ke nan?" ta ce tana dariya.

Hoton yana nan. Ya ɗan yi dishi-dishi, amma ga taɓon, ga buhun, ga hannun.

Da na wanko shi na kai wa Inna, ta sa babban yatsa ta shafa gefen gilashin ta ce, "Yawwa. Ga mu nan." Sai kuma kunya ta kama ta, ta kau da kai tana tambaya ko na ci abinci.

Yau Inna ma ta bi Baba, Allah Ya jiƙansu. Mun bincike gidan kaf, ba mu sami hotonta ko ɗaya ba sai rabin hannun nan da na kira ƙazanta. Tun daga lokacin na koyi cewa kafin in gyara abin wani, sai na tambaye shi abin da yake gani a ciki.