Gaisuwar Da Ta Makara

Shekarata ta biyu a jami'a ina zaune a garin Bron na ƙasar Faransa, a hawa na huɗu, ƙofa da ƙofa da wani tsoho da ba ya amsa gaisuwa. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ni da aka raina a gidan da idan ka wuce babba ba ka durƙusa ba sai labarin ya riga ka isa gida, ga ni ina zuba wa dattijo gaisuwa safe da yamma, shi kuwa sai ya kalli ɗankwalina, ya gyaɗa kai kaɗan, ya ja ƙafarsa mai ciwo ya shige. Mai gadin ginin ta ce mini Ba'armeniye ne, tsohon tela, matarsa ta rasu da daɗewa. Na taɓa karanta abin da aka yi wa mutanensu a daular Turkawa lokacin yaƙin duniya na farko, don haka na yanke wa kaina hukunci cewa Musulma ya gani, shi ya sa. Na ji haushi, na ji kunya, kuma ban san wanne ya fi ba.

Ana haka ƙanwar mahaifiyata ta zo daga Paris. Ni Inna nake ce mata, duk unguwarsu ta Saint-Denis kuwa Hajiya mai leshi suke kiranta. Ta shekara goma sha tana kasuwanci a Faransa, amma Faransancinta bai wuce na farashi da na faɗa da direban tasi ba, kuma bai taɓa hana ta komai ba. Ta kawo wa matan Vénissieux da ke kusa da mu kaya, ta ce za ta kwana biyu a wurina ta ga ko ina cin abinci. Ƙarshen watan Afrilu ne.

Da hantsi ta leƙa waje zubar da shara, ta dawo fuska a murtuke.

"Ke ɗiyata, anka yi rasuwa gidan maƙwabcinki kina nan zamne kina karatu?"

Na ce ban ji ba. Ta ja ni zuwa ƙofa. Gaskiya ne, mutane suna ta fitowa daga asansar, wato lif ɗin ginin, cikin baƙaƙen kaya, wasu da furanni, wata mata tana share ido. Na ce mata tsohon nan ko gaisuwar safe ba ya amsawa, kuma a nan ba a faɗa wa mutane gida sai an gayyace ka.

"Mutuwa ake gayyata? Karatun lakwal ɗin nan ya lalata ki. Ɗora tukunya."

Da Inna ba a musu. Muka yi dambu da zogalen da ta taho da shi busasshe, ta cika kula, ta zuba dabino a faranti, ta sa ni na canza mayafi har sau biyu don wai na farkon ya yi kama da na biki. Ina bin ta a baya ina addu'ar kada a buɗe.

'Yarsa ce ta buɗe, wata dattijuwa mai gilashi. Inna ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta danƙa mata kula a hannu, ta wuce ciki kamar ɗakin uwarta. Falo cike da mutane a kan kujeru, ga kyandir, ga wani tsohon hoto a kan tebur. Aka taso za a ba ta kujera, ta ƙi, ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna a ƙasa daidai ƙafafun tsohon. Dole na zauna kusa da ita. Kowa ya zuba mana ido, ni kuma ji nake kamar in nutse.

"Hwaɗa mishi ya haƙuri. Ya ƙarin haƙuri. Ki tambaye shi yaushe anka yi rasuwar, don mu ba mu ji ba."

Na juya maganar da Faransanci. Wani saurayi a gefe ya rufe baki da hannu. Tsohon ya dube ni sosai, karo na farko tun da na tare, ya ce, "A 1915."

Nan take na gane ranar da muka faɗo. Ranar tunawa ce, wadda Armeniyawa ke taruwa kowace shekara, kuma da yake ƙafarsa ta hana shi zuwa taron cikin gari, danginsa suka biyo ta wurinsa. Na raɗa wa Inna mu tashi, ba sabuwar mutuwa ba ce, ta kai shekara casa'in. 'Yar ta fara dariya a hankali, wasu suka taya ta, har tsohon ma leɓensa ya motsa. Inna ko gezau. Ta ce in yi mata bayani tukuna.

Shi da kansa ya yi bayanin, ni ina juyawa. An kwashe mazan ƙauyensu aka kashe, aka kora mata da yara a ƙafa zuwa hamadar Siriya. Mahaifiyarsa tana yarinya a lokacin, ita kaɗai ta tsira a gidansu. Wasu Larabawa makiyaya suka ɓoye ta, daga baya gidan marayu, sai jirgin ruwa zuwa Marseille, sai masaƙar siliki a Décines, nan kusa da mu. Ya ce ƙasar da aka yi abin har yau ba ta yarda a kira shi kisan ƙare dangi ba, shi ya sa suke fita titi duk shekara.

Inna ta jinjina kai. "To, wa ya zo ya yi wa uwar tashi gaisuwa?"

Da na tambaya, ya dubi 'yarsa. Ya ce jawabai dai an yi, an ajiye furanni, an yi muhawara a majalisa. Amma wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya zauna ya ce ya haƙuri, bai taɓa gani ba.

"Ashe mun makara ƙwarai," in ji Inna. "Ki ce ya yahe muna. Shi hwaɗa mini su wa da wa anka rasa, don ba a gaisuwa a dunƙule."

Ya sa aka miƙo hoton, ya ce ba nasu ba ne, na wani gida ne daga ƙauyen, nasu babu ko ɗaya. Sannan ya fara kiran sunaye. Kakansa. Kakarsa. Yayyen mahaifiyarsa maza biyu. Wata goggo da mijinta. Duk sunan da ya kira, Inna sai ta gwada maimaita shi, ta karya shi yadda ta ga dama, ya gyara mata, ta sake karyawa, sannan ta ce, "Allah shi ba da haƙuri." Mutanen falon suna murmushi suna share hawaye lokaci guda. Ni ma na daina jin kunya, na ji ina alfahari da ita.

Can ya tsaya, ya ce shi ke nan. 'Yarsa ta ce a hankali, "Baba, da jaririyar." Ya girgiza kai, ya ce wannan ƙanwar mahaifiyarsa ce, a hanya aka haife ta, a hanya ta mutu, ba a kai ga sa mata suna ba, mahaifiyarsa ma sau ɗaya ta taɓa ambatarta. Ba ya sa ta a lissafi.

Na faɗa wa Inna. Ta gyara zama, ta matsa kusa da shi.

"Ta yi numfashi?"

Ya ce ta yi, har ta yi kuka.

"To mutum ce. Goggonshi ce. Hwaɗa mishi ya haƙurin goggonshi."

Na faɗa masa. Tsohon ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya sauke hannun, ya tambaye ni da Faransanci me ake amsawa a wurinmu. Na ce ana cewa haƙuri da godiya. Ya juya wajen Inna, ya faɗe shi da Hausa a karkace, ita kuma ta gyara masa.