Ranar Da Injin Atamfa Ya Daina Makyarkyata

A duk shekarun da na yi ina aikin lantarki a masana'antu, akwai wata Alhamis a Sharaɗa da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da tsufa ya kwashe sauran.

Farkon shekarun 1980 ne, ina sabon injiniya a wata masaƙa, ga ƙuruciya ga rawar kai. Kamfani ya sayo injin buga zanen atamfa, da moton lantarki mai juya shi, da akwatin da ke sarrafa gudunsa, wanda muke kira kwantirola. In yana tafiya a hankali lafiya lau, amma da an ƙara gudu sai ya kama makyarkyata kamar mai zazzaɓi, furen atamfa ya fito biyu-biyu. An ɗaure notoci, an ƙara siminti a gindinsa, duk a banza. Kowane ma'aikaci ya zo sai ya ƙara wa kwantirola kaifi, wato saurin mayar da martani, wai moton ne ba shi da kuzari.

Da aka rasa mafita sai laifi ya faɗa kan mai kula da injin, wani dattijo mutumin Damagaram da muke ce wa Baba. Manaja ya ce hannunsa ne bai iya sabon abu ba, in Juma'a ta zo babu canji a sallame shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mutumin nan ba ya wasa da aiki, ga iyali ya tara a Ɗorayi. Bayan azahar Baba ya tare ni ya ce, "Injiniya, ni dai ban taɓa komai ba. In akwai abin da ka sani, ka dube ni don Allah."

Na jawo benci na zauna gaban injin ina ta kallo, har aka fara tsokanata wai na zo zance. A nan na gane abin. Doguwar sandar ƙarfen da ta haɗa moto da rolar da ke buga zanen tana ɗan murɗewa ta warware. Shi kuma kwantirola, da ya ji gudu ya ragu sai ya banko wuta, da ya ƙaru sai ya janye, daidai lokacin da sandar take dawowa. Ashe shi da kansa yake zuga girgizar, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa yana ta fizgar hannu don kada ya zube.

Da na ce wa manaja zan rage wa kwantirola kaifi, sai ya ce ai don sauri aka sayo injin, ba don lalaci ba. Na yi masa bayani cewa gudun yana nan, garajen mayar da martani kawai zan rage. Da ƙyar ya ba ni Alhamis.

Na rage, na kuma liƙa wani ɗan kayan lantarki da ake kira kwandensa, wanda zai tace wannan kaɗawar don kwantirola ya daina binta. Gwajin farko injin ya sake rawa. Na canza kwandensa, na ce Baba ya ƙara gudu. Ya yi bismillah ya murɗa. Muka wuce inda aka saba jin tashin hankali, ƙasa ba ta motsa ba, atamfa tana fitowa fure ɗaya tas.

Baba, wanda ko dariyarsa ba mu cika ji ba, ya cire hula ya shiga taka rawa tsakanin rololi, ma'aikata suna tafi. Ni kuwa daɗi ya sa na rasa inda zan sa hannuwana. Manaja ya daɗe yana shafa atamfar, sannan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Gobe ku zo aiki."

"Da ma ban yi niyyar fashi ba, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Tun ranar na koyi cewa in abu ya rikice, ba kullum ƙarin ƙarfi yake so ba. Kuma kafin a ce wane ne mai laifi, a fara duba ko mai gyaran ne yake yin garaje.