Gwiwar da Aka Hana Samruai Taɓawa

Duk ɗan damben da ya taɓa zama a sansanin nan na bayan kasuwar shanu ta Khon Kaen ya san hannun Kawu Samruai. Shekara talatin da biyu yana tausa a wurin. Gajeren mutum ne mai kaifin baki, yana tafe yana jan ƙafar hagu, warin man dambe na binsa duk inda ya nufa. Matarsa takan ce ko shinkafar da ya dunƙula da hannunsa sai ka ji yajin man a ciki.

Ɗingishin ba da shi aka haife shi ba. Shi ma ɗan dambe ne a da. Yana da shekara ashirin da huɗu aka doke masa gwiwa a wasan bikin haikali, wani mai ɗori na ƙauyensu ya kama gaɓar tana kumbure, ya murɗa, ya danna iya ƙarfinsa, wai yana mayar da jijiya. Tun daga ranar ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Ko a gaban malaman haikali sai dai ya zauna a karkace, ya miƙe ta gefe yana ba da haƙuri.

Cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa, babu wanda ya shiga ransa kamar Wirat. Shekara goma sha uku yana shafa masa mai kafin wasa, yana yi masa faɗa bayan wasa. Bara guringuntsin gwiwar Wirat ta dama ya cinye, har ta kai ba ya iya durƙusawa. Wanda kuwa ba ya durƙusawa ya gama dambe, don kafin a kai naushin farko sai ɗan wasa ya gurfana a tsakiyar fili ya kai goshi ƙasa sau uku, ya girmama waɗanda suka koya masa. Samruai ya san ƙarshen wannan hanyar, a kanta yake tafiya kullum.

Sai aka ji labarin wata likita a Bangkok, Nanthiya, da ke gwada wani sabon magani a kan 'yan wasa. Ana zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun mutum, a tace ƙwayoyin da jiki ke gyara kansa da su, a yi masa allurarsu a gwiwa. Samruai ya raka Wirat, yana ta gunaguni a mota.

"Gwaji ne fa," in ji likitar. "Wasu suna jin sauƙi, wasu babu. Ban yi muku alkawarin komai ba."

"Wato dashe kika yi masa, kamar na shinkafa," in ji Samruai.

"Kusan haka, Kawu. Saboda haka sati shida ba gudu, ba shura buhun atisaye." Ta dubi yatsunsa da mai ya rine, ta ƙara da cewa, "Kuma kada kowa ya taɓa ƙafar nan. Kowa fa na ce."

Wirat ya fashe da dariya. "Likita, ai gara ki ɗaure masa hannuwan nan mu tafi da shi haka."

"Rufe mana baki, mai gwiwar tsohuwa," in ji Samruai.

Kwana takwas ya daure. Idan ya zo wucewa ta gaban Wirat sai ya harɗe hannuwa a baya kamar sufeton makaranta. A rana ta tara, bayan an ci gasasshiyar kaza da kwaɗon ɗanyar gwanda, zafi ya kwantar da kowa. Wirat na kan gadon gora a gindin mangwaro, idonsa rufe, ƙwaurinsa na ta zillo saboda ɗaurewar jijiya. Samruai ya zauna a gefe, da niyyar kore masa ƙuda kawai. Shi dai bai san lokacin da ya buɗe kwalbar man ba. Da hankalinsa ya dawo jikinsa, ƙafar na sheƙi da mai, hannuwansa suna kanta.

Washegari gwiwar ta tashi kamar ƙwallon kwakwa.

Samruai ɗan manoma ne, ya san abin da zafi ke yi wa sabon dashe. Ya tabbata man nan ya ratsa fata ya dafa ƙwayoyin. Abin da mai ɗori ya yi masa, yau ga shi ya yi wa Wirat da hannunsa, kuma shi har gargaɗi an yi masa. Tsoro ya kama shi, kunya ta hana shi faɗa. Kwana huɗu yana juya abinci a kwano.

"Tsoho, ko wata ka gani a kasuwa ta ƙi ka?" in ji matarsa.

Ya ture kwanon gefe ya tashi ya fita. Nan ta gane abin babba ne, don Samruai ba ya barin bashin magana ya kwana.

Ranar komawa asibiti, likitar na duba kumburin, Samruai ya miƙe tsaye ya haɗa tafukansa a ƙirji.

"Likita, ni ne. Na shafa masa mai. Yana barci, bai sani ba. In dashen ya mutu ni na kashe shi."

Ta ajiye abin rubutunta. Ba ta yi faɗa ba, sai ta jawo kujera ta ce, "Nuna mini abin da ka yi. A ƙafarka."

Ya zauna ya naɗe wando. Ya faro daga cinya, ya gangaro da manyan yatsu, saura faɗin tafin hannu ya kai gwiwa sai hannuwan suka ɗaga da kansu, suka tsallake, suka sauka a ƙwauri.

"Sake," in ji ta. Ya sake, suka sake tsallakewa.

"Gaɓar fa?"

"Gaɓa?" Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni ban taɓa danna wa ɗan kowa gaɓa ba tun da nake."

Sai ta yi dariya. "To Kawu, irinka ne ba na samu shi ya sa nake cewa kada kowa ya taɓa. Mutanenku suna komawa gida a murɗe musu gwiwa. Man naka iyakarsa fata, ba ya kai wa ciki. Kumburin nan kuma ina ganinsa ga waɗanda ba a taɓa su ba, zai sauka. Ci gaba da tausar, yadda ka nuna mini ɗin nan."

Samruai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ji yunwar kwana huɗu ta taso masa gaba ɗaya.

"Ni fa idona biyu ranar," in ji Wirat. "Daɗin da na ji ne ya hana ni motsi."

"Ɗan banza! Ka bar ni ina ramewa?"

"Ai tumbin ya ragu, Kawu, gode mini za ka yi."

Kumburin ya sauka a sati na uku. Ko ƙwayoyin ne suka yi aiki, ko hutun ne, likitar da kanta ta ce ba za ta rantse ba, sai ta ga na sauran mutane. Samruai bai damu da wanda ya ci ladan ba.

Bayan wata bakwai Wirat ya shiga fili. Mai algaita ya busa, ganguna suka ɗauka, Wirat ya zagaya igiyar filin ya dawo tsakiya. Samruai na kusurwa da tawul a kafaɗa, idonsa a kan gwiwar nan ta dama. Ta lanƙwashe a hankali har Wirat ya zauna daram a kan dugadugansa. Maimakon ya fuskanci inda ya saba, sai ya juyo wajen kusurwar da tsohon yake, ya kai goshi ƙasa sau uku.

Samruai ya kai hannu zai share ido, ya manta da man da ke yatsunsa. Har aka gama zagayen farko hawaye yake yi, yana gaya wa na kusa da shi cewa man ne.